Ƙasar Auduga, Furen Roba: Mu Koyi Saƙa Namu da Kwarashi

  Ni ce 'yar'uwarku, nake magana da ku daga nan Gozaki, ƙaramar hukumar Kafur a jihar Katsina. Kamar yadda muka saba, mun rubuto shirin gaba ɗaya saboda waɗanda data ba ta barinsu su saurari murya. Na yau ma rubutun zai fi amfani, domin akwai ƙirge a ciki, za ku so ku ajiye ku riƙa dubawa.

Makonnin baya mun sha magana a kan manyan abubuwa, tsadar taki, rashin aikin yi, katin zaɓe. Yau abin da na kawo muku ɗan ƙarami ne, bai fi tafin hannun jariri ba. Fure ne na zare, wanda ake saƙawa da kwarashi, a jera shi a igiya, a rataye a ɗaki don kwalliya. Na san wani zai ce, "Haba, duk abin da ke damunmu sai maganar fure?" Yi haƙuri yaya, ka saurara zuwa ƙarshe, sannan ka yanke hukunci.

Ku leƙa ɗakin kowace amarya a yankin nan, daga Kafur zuwa Malumfashi, daga Bakori zuwa Funtuwa. Bayan gado da kujeru da labule, me ido yake fara gani? Furen roba. A saman shokes, a jikin madubi, a kusurwar falo. Akasarinsa daga Chana aka yo odarsa, ya sauka Legas, ya biyo ta Kano, ya iso kasuwanninmu, kowa ya ɗora ribarsa a hanya. Uwar amarya ta sayar da buhun masara ko ɗan akuya ta sayo. Bayan shekara ɗaya ƙurar hunturu ta dafe shi, rana ta ƙoɗar da shi, a watsar a bola, ya shekara goma bai ruɓe ba.

To abin da ke ci mini rai shi ne, mu fa 'yan ƙasar auduga ne. Wannan ɓangare na kudancin Katsina shi masana tarihi ke kira Katsina Laka, saboda ƙasarmu mai nauyi ce, mai riƙe ruwa. Wanda ya karanta littafin marigayi Dokta Yusufu Bala Usman na tarihin Katsina, wanda ya fito a 1981, zai ci karo da sunan Gozaki da na Maska a cikin tsofaffin garuruwan yankin. Tun kafin Bature ya zo ana noma auduga a nan, mata na kaɗi, maza na saƙa, marina na rini. Da Turawa suka zo ma audugar ce ta ja hankalinsu. Kamfanin BCGA da aka kafa a birnin Mancesta na Ingila a 1902 shi ya kafa injin gurzar auduga a Funtuwa, har yau akwai unguwar da ake kira da sunansa. Layin dogon da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa zuwa Ƙaurar Namoda an kammala shi a 1929, auduga da gyaɗa yake kwasa. Daga baya muka samu masaƙu namu, ta Kaduna a 1957, ta Funtuwa a 1978. Yawancin na Kaduna sun rufe, babbarsu ma, UNTL, ta tsaya a 2007, dubban mutane suka rasa abin yi. Wannan kowa ya sani.

Amma akwai wata asara da ba a cika maganarta ba, ita ce ta hannu. Kakanninmu mata ba sa zama haka nan. Ana hira ana gurza auduga, ana shiɓa, mazari na juyawa, ga alli a yatsa. Wata tana saƙa faifai, wata tana ɗinkin hula. Kwalliyar ɗakinsu ma da yawanta aikin hannu ne, faifai masu launi a bango, ƙorai masu zane, tabarma, gwado. Mu kuwa jikokinsu, yatsunmu sun ƙware, amma a kan gilashin waya. Ba zagi nake ba, ni ma cikinku nake, da wayar nake muku magana yanzu. Tambaya kawai nake: yaushe rabon da hannunki ya yi wani abu da za ki ɗaga ki ce, "Wannan ni na yi shi"?

Shi ya sa na zaɓi kwarashi, kuma ina da dalilai uku. Na ɗaya, jarinsa kaɗan ne. Ba ya son keken ɗinki, ba ya son wutar lantarki, ba ya son shago. Na biyu, kayan aikin gaba ɗaya suna shiga 'yar jaka. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a yankin da ɓarayin daji suka raba mutane da ƙauyukansu. Matar da ta tsere da goyo a baya ba za ta ɗauko keke ko injin markaɗe ba, amma abin da ke cikin yatsunta babu mai ƙwace mata shi. Na uku, wannan zai ba ku mamaki. Saƙar tsinke biyu, irin ta rigar sanyi da safa, tun 1589 wani Bature a Ingila mai suna William Lee ya ƙera mata inji. Saƙar kwarashi kuwa, har yau masana'antu ba su da injin da ke yin ta ainihi. Duk jakar kwarashi ko hular kwarashi ta gaske da kika gani a kanti, ko a Dubai ne, wani ɗan Adam ne ya zauna ya saƙa ta da hannu. Kun ga ke nan a wannan fagen inji bai kore mu ba tukuna.

Me ya sa fure? Saboda shi ne ƙofar shiga mafi sauƙi. Mai koyo idan ta fara da rigar jariri ko mayafin gado, sai ta yi sati biyu ba ta ga ƙarshe ba, ta gaji ta ajiye. Fure kuwa a zama ɗaya ake gama shi. Ki gama ɗaya, ranki ya yi fari, ki ɗora na biyu. Kuma duk saƙar da ake buƙata a manyan ayyuka tana cikin ɗan furen nan.

To bismillah, ga kayan aiki. Kwarashi ɗaya, mai lamba 3 ko 3.5 ko 4, lambar tana rubuce a jikinsa, kaurinsa ke nan a milimita. Zaren saƙa, wanda muke kira ulu, kala uku: ɗaya na tsakiyar fure, ɗaya na kunnuwansa, sai kore na igiya da ganye. Almakashi ko reza. Sai allura mai babban hanci ta ɓoye bakin zare. Shi ke nan. Masu sayar da kayan ɗinki a kasuwar Funtuwa da ta Malumfashi suna da su. Shawarata ga mai koyo, ki fara da zare mai haske kuma mai ɗan kauri. Baƙi da shuɗi mai duhu ba sa nuna idon saƙa, za ki yi ta lalube.

Saƙa iri huɗu kawai za ki koya. Ga sunayen da nake kiransu da su idan ina koya wa ƙannena.

Da farko ki yi zarge a bakin zaren, irin zargen da ake wa akuya, ki zura kwarashin a ciki ki ɗan ja, kada ya matse.

Ta ɗaya, sarƙa. Ki naɗo zare a ƙugiyar kwarashin, ki jawo shi ta cikin zargen. Sarƙa ɗaya ke nan. Ki sake, biyu ke nan.

Ta biyu, kulli. Ki soka kwarashin a idon da kike so, ki ɗauko zare, ki jawo shi ta cikin idon da kuma zargen da ke kan kwarashin a ja ɗaya. Da shi ake haɗe baki da baki.

Ta uku, gajere. Ki soka, ki ɗauko zare ki jawo, za ki ga zarge biyu a kan kwarashin. Ki sake naɗo zare ki ja ta cikin biyun gaba ɗaya.

Ta huɗu, dogo. Wannan sai kin naɗa zaren tukuna kafin ki soka. Ki soka, ki jawo, zarge ya zama uku. Ki naɗo ki ja ta cikin biyu, saura biyu. Ki sake naɗowa ki ja ta cikin biyun da suka rage.

Ga masu bin darasi a YouTube, ku kula da wani abu da ke rikita mutane. Abin da na kira gajere, 'yan Amurka singil suke ce masa, dogo kuma dobul. Amma a wurin 'yan Ingila, gajeren nan shi ne dobul, dogon kuma tirebul. Idan ba ki san ƙasar mai koyarwar ba, ki bar sauraren bakinta ki kalli hannunta.

Yanzu ga furen kansa. Ku buɗe kunne, nan ne wurin ƙirgen.

Ki ɗauki zaren tsakiya, ki yi sarƙa 5. Ki yi kulli a sarƙar farko, sai ta zama ɗan zobe. Ki yi sarƙa 1, sannan ki yi gajere 10 a cikin ramin zoben, kina zagayawa. Ki yi kulli a kan gajeren farko. Ki yanke zaren, ki bar masa jela kamar tsawon yatsa. Kin gama tsakiya. Ki ƙirga idanun da ke gefensa, lallai su zama 10. Idan 9 ne ko 11, ki warware ki sake. Mu Hausawa mun iya saƙa da warwara a zuci, to yau a yi ta a hannu.

Sai ki ɗaura zare na biyu a kowane ido kika ga dama. Ki yi sarƙa 2. A ido na gaba ki yi dogo 3, duk a cikin ido ɗayan. Ki yi sarƙa 2. A ido na gaba ki yi kulli. Kunne ɗaya ya fito. Ki maimaita: sarƙa 2, dogo 3 a ido na gaba, sarƙa 2, kulli a na gabansa. Kowane kunne yana cin ido biyu, saboda haka ido 10 zai ba ki kunne 5, kullin ƙarshe ya faɗa daidai inda kika fara. Ki yanke, ki ja jelar ta cikin zargen ki matse. Ki sa allura ki cusa jelolin a bayan furen. Kada ki yanke su tsaf a gindi, wankin farko zai warware.

Na farkon zai fito a karkace, wani kunnen ya fi wani. Haka na kowa yake fitowa. Kada ki jefar, ki ajiye shi, ranar da kika yi na ashirin ki ɗauko ki gwada su. Idan furen yana naɗewa kamar ƙoƙo, kina matse zare da yawa, ki sassauta hannu ko ki ƙara girman kwarashi. Idan kuma ya yi laɓo-laɓo, ramuka sun yi yawa, kwarashin ya yi wa zaren girma.

Maganar kala kuma, ba sai kin je intanet neman abin kwaikwayo ba. Kun taɓa lura da furen auduga? Kunnensa biyar ne cif, irin wanda muka saƙa yanzu. Ranar da ya buɗe fari ne mai ratsin rawaya, kamar madara. Washegari ya koma ruwan hoda, daga nan ya yi ja ya faɗi, ƙwallon audugar ya biyo baya. Furen kuɓewa ma kunne biyar ne, rawaya mai haske da jan tsakiya mai duhu. Haka na rama, haka na yakuwa. A ilimin tsirrai duk dangi ɗaya ne. To ki yi igiya guda ta furen auduga, fari, ruwan hoda, ja, ki sake fari, ruwan hoda, ja. Duk manomin da ya shigo ɗakin zai gane abin da yake kallo. Ki yi wata ta furen kuɓewa ki rataye a kicin. Wannan kwalliya ce da mai masana'anta a Chana bai san da ita ba, gonarmu ce a bangonmu.

Sai haɗa igiyar. Idan ta mita biyu kike so, wadda za ta zagaya saman taga ko kan gado, fure 12 ya isa. Ki jera su a tabarma tukuna ki ga yadda kalolin suka zauna, kada zaren ya zama ba kalar yadin ba. Ki ɗauki koren zare, ki yi sarƙa 12 ki kulle ta zama zobe, maratayi ke nan. Ki ci gaba da sarƙa 20, ki ɗauko fure ki juya bayansa, ki yi kulli a bayan kunne ɗaya, sarƙa 3, ki sake kulli a bayan kunnen da ke kusa da shi. Kama shi wuri biyu shi ke hana shi kifewa ya juya wa mutane baya. Sai sarƙa 20, ki ɗauko na gaba. Haka har ki gama, ki rufe da wani maratayin.

Idan kina son ganye a tsakani, idan kin kai rabin sarƙa ashirin ɗin sai ki ƙara sarƙa 6, ki dawo da baya a kansu. Ki tsallake ta farko, ki yi kulli, gajere, dogo, dogo, gajere, sai ki ci gaba da igiyarki. Ganye ya fito.

Abu uku na kiyayewa, kuma don Allah a riƙe su. Na farko wuta. Yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa ba gashin tunkiya ba ne, akirilik ne, daga sinadaran man fetur ake yin sa. Ki gwada da ɗan guntu a tsakar gida: ki kusanta shi da ashana, za ki ga ya narke ya dunƙule ya yi baƙin ƙwallo mai tauri. Zaren auduga kuwa toka yake zama, da ƙauri irin na takarda. Saboda haka a nisanta igiyar daga kaskon turaren wuta, da kyandir, da maganin sauro na kunnawa. Kuma kada a ɗora masa dutsen guga. Na biyu yara. Igiya ce fa, a rataye ta sama inda hannun mai rarrafe da mai tatata ba zai kai ba, kada a sa ta a gadon jariri. Na uku wanki. Idan ta yi ƙura, ki jiƙa a ruwan sanyi da ɗan sabulu, ki matsa a hankali ba tare da murɗawa ba, ki shimfiɗa a inuwa. Idan ta auduga ce, ki ɗan sa mata sitaci, kunnuwan za su miƙe.

To, an iya fure, an iya igiya. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Koyon saƙa kwana uku ne. Inda mata ke faɗuwa shi ne wurin kuɗi.

Na ga 'yan mata da yawa da suka iya saƙa, hannu kamar inji, amma suka bari. Idan ka tambaya sai su ce babu riba. Ka bi diddigi sai ka tarar kuɗin zare kawai suke ƙirgawa, su ɗora ɗari biyu a kai. Lokacinsu da idonsu da bayansu duk sadaka. Bari mu yi lissafi tare. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya, wanda aka sa wa hannu a watan Yulin 2024, naira 70,000 ne a wata. Ki raba shi a kwanakin aiki 22, kowace rana awa 8, za ki samu kusan naira 400 a awa ɗaya. Wannan shi ne mafi ƙasƙancin farashin da doka ta yi wa awa ɗaya ta ma'aikaci. Ni yanzu fure ɗaya yana cin mini kamar minti goma. Fure 12 awa biyu ke nan. Haɗa igiya da ganye da ɓoye jela, wata awar. Awa uku, naira 1,200. A ce zaren da ya shiga na 1,500 ne, misali nake bayarwa, ke ki sa farashin da kika sayo. Ki ƙara kuɗin mota zuwa kasuwa, da leda, da datar da kika ɗora hoto, a ce 300. Mun kai 3,000, kuma ba a sa riba ba tukuna. Duk wadda ta sayar a 2,000, ita ce ta biya mai saye ladan ɗauka.

Ki samu littafi na naira ɗari, ki rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Idan aka ba ki aikin biki, ki karɓi rabin kuɗi kafin ki sa hannu. Kuma a nan ina da magana da iyayenmu da yayyenmu, cikin ladabi. Inna, Gwaggo, Anti, idan 'yarku ta faɗi kuɗin aikinta, don Allah a daina cewa, "Ke da Allah, ɗan wannan abin? Ai ke ta gida ce." A kanti ba ku taya furen roba da zumunci, yadda aka faɗa haka kuke biya. Ta gida ita ta fi cancanta a biya ta. Kalmar "ɗan wannan abin" ta kashe sana'o'i da yawa a cikin gidajenmu.

Akwai masu ce mini, "Furen roba ya fi araha." Wani lokacin haka ne. Amma na zare ana wanke shi ya dawo sabo, ana yin sa daidai kalar labulen amarya, daidai tsawon tagarta, kuma kuɗin a unguwa yake kwana. Wadda ta saƙa za ta sayi ƙuli a wurin maƙwabciya, ta biya kuɗin Islamiyyar ƙaninta.

Akwai kuma masu cewa, "To ai kin ce zaren ma daga fetur yake, ina bambancinsa da roba?" Wannan tambaya ce mai kyau, kuma ba zan kauce mata ba. Gaskiya ne, a yanzu rabin nasara muka ci: aikin namu ne, zaren na wasu. Sauran rabin yana hannun tsofaffinmu. Har yanzu a ƙauyukanmu akwai iyaye mata da suka iya kaɗi, mazarinsu na cikin taskira ya yi ƙura don babu mai saye. Na gwada saƙa fure da abawa, da kwarashi mai lamba 4. Yana fitowa da ɗan kaushi, ba sumul ba, amma yana da kyau irin nasa, kuma yana karɓar rini. Ku yi tunani: auduga daga gonar Baba, kaɗin Kaka, saƙar jika. Idan muka fara saye a hannunsu, kuma muka zauna kusa da su muka koya, za mu tsere wa ranar da za a nemi mai kaɗi ɗaya a rasa. Wannan ranar ba ta da nisa, mafi yawansu sun manyanta.

Sai masu cewa, "Kin yi digiri, kin yi bautar ƙasa, ki ƙare a saƙa?" Ni dai ban ga inda kwalina ya rage kwabo don na riƙe kwarashi ba. Karatun ne ma ya koya mini lissafin da na yi muku ɗazu. Kuma kada wani ya fahimce ni a baibai. Ban ce fure zai maye gurbin aikin yi ba, ban ce a daina tambayar shugabanni ina tsaro, ina taki, ina masaƙu ba. Wannan bakin ba zai rufe ba. Ku dubi ƙasar Ayilan a Turai. Daga 1845 cuta ta lalata musu dankali, yunwa ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya. A lokacin aka riƙa koya wa mata da yara saƙar leshi da kwarashi, kuma yawancin adon furanni ne da ganyaye, kowa ta saƙa nata a gida, a tattara a haɗe a sayar wa masu kuɗi a ƙasashen waje. Saƙar ba ta kawo ƙarshen yunwar ba, amma ta sa tukunya ta hau wuta a gidaje da dama, har leshin ya yi suna a duniya. Iyakar abin da nake nema mana ke nan. Kafin babban ya zo, kada ƙaramin ya wuce mu.

Darasin da na ɗauka daga can shi ne raba aiki. Mace ɗaya ba za ta iya kwalliyar ɗakin amarya da wurin kamu a sati ɗaya ba. Amma ku biyar, wannan ta yi tsakiya, waɗannan biyu su yi kunnuwa, wannan ta haɗa igiya, mai waya mai kyau ta ɗauki hoto da hasken safe ta ɗora a WhatsApp. Ku haɗa kuɗi ku sayo zare da yawa a sari, ya fi sauƙi. Bayan kaka, amfanin gona ya shigo gida, bukukuwa sun kankama, lokacin kasuwarku ke nan. Tun damina ya kamata a fara tara furanni a leda.

Ku kuma 'yan'uwana maza, na san kuna jin kamar shirin yau ba naku ba ne. Ku tambayi tsofaffi su wa ke zama a kan masaƙa a garin nan da. Maza ne. Su wa ke zaune a zaure suna yi wa babbar riga aska takwas da allura? Maza ne. Zare bai taɓa zama abin kunya ga namijin Bahaushe ba, zaman kashe wando ne abin kunya. In ba za ka saƙa ba, to ka sayo wa ƙanwarka ko matarka kwarashi da zare uku, kuma idan ta gama ka zama mai saye na farko, a farashin da ta faɗa.

Ga aikin gida na wannan mako. Fure 5 kacal. Ba 12 ba, 5. Ki jera su a tabarma daga na farko zuwa na biyar, ki ɗauki hoto ki turo mana, har da karkataccen. Wadda ta riga ta iya kuma, nata aikin shi ne ta zaunar da mutum biyu ta koya musu, ta fara da marainiya ko wadda aka raba da ƙauyensu in akwai a kusa. Wanda kuma ya san wata tsohuwa mai kaɗi a unguwarsu, ya je ya gaishe ta, ya tambaye ta nawa take sayar da abawa. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu ɗora da yadda ake rina zaren auduga a gida, da yadda ake ɗaukar hoton kaya ya ja mai saye.

Allah Ya sa albarka a hannuwanmu, Ya zaunar mana da yankinmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa da gonarsa.